Samanja Mazan Fama da Kawuna Mai Shiru

'Yar uwa, in kin samu sarari yau da daddare, ki tambayi yaranki ma'anar kalmar "samanja". Mai wayon cikinsu zai ce wani muƙami ne na soja, sauran kuma su ɗaga kafaɗa su koma kan waya. Sannan ki yi wa mahaifiyarki ko surukarki wannan tambayar. Kafin ta buɗe baki, murmushi zai riga ta. A wurin mutanen wancan zamani, Samanja mutum ɗaya ne tak: mai tsawa kamar aradu, mai Hausar bariki, wanda ya yi shekara da shekaru yana shiga ɗakunansu ta akwatin rediyo da na talabijin.

Sunansa na yanka Usman Baba Pategi. Ya rasu a Kaduna a watan Nuwamba na 2023, yana da shekara 80 da ɗoriya. Allah ya jiƙansa. Da labarin rasuwarsa ya bazu, yawancin masu ta'aziyya barkwancinsa suka tuna: ya ba mu dariya, ya ɗebe mana kewa. Gaskiya ne. Sai dai a gidan da na tashi, Samanja ya yi wani aiki da ya wuce ɗebe kewa. Labarin wannan aikin nake so in ba ki, domin har gobe akwai gidajen da ke buƙatar irinsa, wataƙila ma har da naki ko na maƙwabciyarki.

Tukuna, wane ne shi? Abin da ke ba mutane da yawa mamaki shi ne, Samanja Banufe ne, ɗan gidan sarautar Pategi, garin nan na bakin kogin Kwara da ya yi suna wajen bikin tseren kwale-kwale. Ya zo Kaduna yana matashi, ya samu aiki a gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa, wanda gwamnatin Sardauna ta buɗe a 1962. Da ƙasa ta rikice aka fara neman samari su shiga soja, sai ya ajiye aikin ya sa kaki. Sashen sigina aka kai shi, wato masu riƙe da sadarwa tsakanin runduna da runduna. Kin ga ke nan, ko a soja bai rabu da sana'ar aika murya ta iska ba.

Yaƙin basasar Nijeriya ya fara ranar 6 ga Yuli, 1967, ya ƙare ranar 15 ga Janairu, 1970. Wata 30 ke nan. Kafin yaƙin, sojojin ƙasar gaba ɗaya ba su wuce kamar dubu 10 ba. Zuwa ƙarshensa sun kai wajen dubu 250. Waɗannan dubbai ba daga sama suka faɗo ba. Yaran mota ne, da manoma, da 'yan tireda, da ɗaliban da suka bar aji, aka ba su horo na ɗan lokaci aka ɗora su a mota. Kuma kowane ɗaya daga cikinsu akwai uwar da ta haife shi, tana zaune tana jira. A ɓangaren Biyafara kuwa, ƙiyasin waɗanda suka mutu yana farawa ne daga rabin miliyan ya kai har miliyan 2 ko fiye, kuma mafi yawansu yunwa ce ta kashe su, musamman ƙananan yara.

Da aka ajiye makamai, Janar Yakubu Gowon ya ce babu wanda ya ci, babu wanda aka ci. Aka shiga maganar sulhu da gyaran abin da ya lalace. An gyara gadoji, an gyara hanyoyi, an sake buɗe makarantu. Amma samarin da suka dawo, da wuya ka ga wanda ya zaunar da su ya tambaye su abin da idonsu ya gani. Duk wanda ya dawo da ƙafa biyu da hannu biyu, a idon jama'a lafiyarsa lau.

Mutumin ɗakin zaure

Ɗaya daga cikin samarin nan kawuna ne, ƙanin mahaifiyata. Yaron mota ne a tasha, yana ɗan shekara 19, aka zo ɗaukar soja ya bi layi. Daga difo na Zariya aka tura shi runduna ta ɗaya, wadda Kanar Muhammadu Shuwa ke jagoranta, rundunar da ta bi ta Nsukka ta kama Inugu a watan Oktoba na 1967. Da yake ya iya tuƙi, sai aka ba shi motar dakon abinci. Ya ga yaƙin tun daga farko har ƙarshe, ko ƙwarzane bai samu ba. A ƙarshen shekarun 1970, lokacin da gwamnati ke rage yawan sojoji, aka sallame shi ya dawo gida.

Ni da na yi wayo, a ɗakin zaurenmu na same shi. Aurensa na fari ya riga ya mutu. Mutum ne mai tsabta, mai guga, kullum takalminsa na ƙyalli, amma sai ya yini bai yi magana goma ba. Ba ya zama ya ba ƙofa baya. Da tsakar dare sai ki ji takunsa yana zagaya gida. Ranar hawan Sallah, da 'yan bindigar sarki sun fara sakin wuta, kowa na rububin fita kallo, shi kuwa sai ya shige ɗaki ya turo ƙyaure.

Akwai kuma wata ɗabi'a tasa da ta fi damun matan gida. Ba ya cin abinci sai ya ga yara sun ci. In aka kai masa kwanonsa, sai ya ajiye shi a rufe har tuwon ya sandare, yana leƙen tsakar gida. In kuwa yaro ya zubar da abinci ko ya yi wasa da shi, ran nan gidan ba zai zaunu ba. Mata suka ce tsirfa ce. Maƙwabta suka ce iska ce ya kwaso a dajin Kudu. An yi hayaƙi, an yi jiƙe-jiƙe, an kai shi wurin masu magani. Kakata, wadda muke kira Inna, takan ce: "Ni dai gangar jikinsa aka dawo min da ita, shi yana can."

Abu ɗaya ne Kawu bai yi wasa da shi ba, wato rediyonsa, wata 'yar ƙarama mai rigar fata, wadda yake shanya batiranta a rana in sun yi sanyi. A ɗaki yake jin labaransa shi kaɗai. Amma in lokacin Samanja ya yi, sai ya fito da ita tsakar gida, ya ɗora a kan turmi, ya jawo kujera 'yar tsugunne ya zauna. Mahaifiyata ta ce tun dawowarsa daga yaƙi ba ta ga haƙoransa ba sai a gaban rediyon nan. Samanja na daka wa wani kurtu tsawa, shi kuma Kawu yana dariya har da riƙe ciki.

Daga dariya sai gyara. Sai ki ji ya ce: "Wallahi haka namu yake, sai dai namu ya fi wannan mugunta." Daga gyara sai labari. Ya ba mu labarin ranar da samanjansu ya sa shi tsallen kwaɗo saboda maɓalli ɗaya da ya ɓalle a rigarsa. Wata rana labarin albashinsa na farko da atamfar da ya aiko wa Inna. Wata rana labarin amininsa, wani yaro daga ƙasar Tibi, wanda ya koya masa cin sakwara, shi kuma ya koya masa shan fura. An daɗe ana jin sunan aminin nan kafin mu gane cewa bai dawo ba.

A hankali a hankali ƙofar ta riƙa buɗewa, har wani dare bayan an kashe rediyo, yara sun fara gyangyaɗi, Kawu ya faɗi abin da ya yi fiye da shekara goma yana riƙe da shi. Ya ce wata rana ya tsaya da motarsa a wani ƙauye da sojoji suka riga suka wuce. Motar cike take da gari da shinkafa. Sai ga yara suna fitowa daga daji, ciki ya kumbura, gashi ya yi ja, ƙafafu kamar sillen kara. Ba su yi roƙo ba, tsayawa kawai suka yi suna kallonsa. Ba shi da ikon kwance kayan da aka ƙirga masa, sai ya ɗauko nasa guzurin ya raba musu. Wata 'yar yarinya ta karɓa, ta riƙe a hannu, amma ba ta da ƙarfin kaiwa baki. Hafsan da ke gaban mota ya ce a tafi. Ya tafi. Ya ce har suka sha kwana yana hango ta a madubi, tana tsaye da abincin a hannu.

Inna ba ta ce uffan ba. Amma tun daga washegari tsarin gidanmu ya canza. Kwanon yara ake fara fitarwa, kuma a gabansa ake ajiye shi. Sai sun yi nisa da ci sannan a miƙa masa nasa da zafinsa. Babu wadda ta sake kiran abin tsirfa. Ranar hawan Sallah kuma, maimakon a riƙa buga masa ƙofa ana cewa ya fito, sai a bar masa yaro ɗaya ya taya shi hira. Labarin zuciya aka ce a tambayi fuska, to amma wani labarin ko fuskar ba ta iya faɗinsa, sai an samu wanda ya buɗe hanya.

Me ya sa Samanja ya iya?

Na daɗe ina juya wannan tambaya, kuma dalilai uku na gano.

Na farko, ɗan gida ne yake magana. Tsohon soja ba a yi masa burga da kaki. Da an kuskure wajen sara wa hafsa, ko an kira muƙami ba daidai ba, zai tsaki ya kashe rediyo. Usman Baba Pategi ya yi fareti da ƙafarsa, ya sha tsawa kafin ya iya yin ta. Shi ya sa 'yan mazan jiya irin su Kawu suka yarda da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na biyu, bai fara da jini ba. Abin da wasan ya fi mayar da hankali a kai shi ne zaman bariki na yau da kullum: rigimar gida, wautar kurata, bin oda ko da ba ta shiga hankali, da yadda soja ke cuɗanya da farar hula. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne mutum zai iya taɓawa ba tare da ya fama ciwo ba. Wanda ba zai iya ba ki labarin ranar da aka kashe amininsa ba, zai iya ba ki labarin maɓallin riga. Daga maɓallin ne wata rana ake kaiwa ga aminin.

Na uku, tare ake ji. Rediyo ɗaya ce a gida, kowa kuma yana kewaye da ita: tsohuwa, matan aure, yara, da shi tsohon sojan. Abin da ya ba shi dariya shi ya ba mu. Ba mu taɓa taka bariki ba, amma mun san samanja, mun san kofur, mun san abin da ake nufi da gadirum. Wasan ya ba mu harshe ɗaya da mutumin da muke kwana gida ɗaya da shi amma ba mu san ta inda za mu ɓullo masa ba.

Harshen nan ma abin a tsaya a kai ne. Hausa ta daɗe a bakin soja. Rundunar sojan Nijeriya tana danganta asalinta ne da wata 'yar ƙaramar runduna da wani Bature, John Glover, ya haɗa a Legas a 1863, wadda aka riƙa kira Hausawan Glover. Turawan mulkin mallaka sun yi shekaru masu yawa suna amfani da Hausa a matsayin harshen bariki. Saurayi zai zo daga Zuru, ko Numan, ko Pankshin, ko Gboko, ya koyi Hausarsa a filin fareti. Daga nan aka samu abin da ake kira Barikanci: Hausar da ba ruwanta da bambanta namiji da mace, a ce wa mace "ka zo", a miƙe haruffa masu lanƙwasa, a lanƙwasa kalmomin Turanci. Kalmomi irin su soja, saje, kofur, hafsa, kurtu, manjo, fareti, da ita kanta samanja, duk ta wannan ƙofa suka shigo bakinmu. Wannan harshe Samanja ya ɗauka ya mayar da shi abin so. Banufe ya zama ɗaya daga cikin muryoyin da Hausawa suka fi sani, a zamanin su Ƙasimu Yero da Kasagi da Karkuzu. Kuma da yake Rediyon Kaduna na kaiwa nesa a gajeren zango, har a Nijar da Kamaru da Gana an san shi.

Ki tuna kuma da zamanin da ake ciki. Soja ne ke mulkin ƙasar daga 1966 zuwa 1979, suka sake dawowa a ƙarshen 1983 har zuwa 1999. Lokaci ne da uwa ke tsorata yaro da "ga soja nan". A irin wannan yanayi ne wani mai kaki ya fito yana ba talaka damar yi wa kaki dariya a tsakar gidansa.

Na san akwai mai cewa, ai dariyar nan ita ce matsalar. Wanda soja ya taɓa zane shi a kan hanya, ko ya sa shi birgima a kwata ba gaira ba dalili, zai iya cewa wasan ya shafa wa zalunci mai ne. Ban raina wannan magana ba. Dariya ba ta biyan haƙƙin wanda aka zalunta, kuma ba ta wanke abubuwan da aka aikata a fagen yaƙi. Amma ni abin da na gani a gidanmu shi ne, wasan ya sauko da soja daga matsayin dodo ya mayar da shi mutum: mai kuskure, mai tsoron na gaba da shi, mai neman abin cefane kafin ƙarshen wata. Dodo gudunsa ake yi. Mutum kuwa ana iya yi masa faɗa, ana iya tuhumarsa, ana kuma iya jin tausayinsa.

Yaƙin bai ƙare a 1970 ba

'Yar uwa, da labarin tarihi ne kawai, da ban ɗauke miki lokaci haka ba. Bayan yaƙin basasa sojojinmu sun je Laberiya tun daga 1990, sun je Saliyo, sun je Darfur. Tun 2009 ake fama a Arewa maso Gabas, ga kuma dazuzzukan Zamfara da Katsina da Kaduna da Neja. Yanzu haka da kike karanta wannan, akwai matar da ke ɗakinta a barikin Bukavu a Kano, ko Maimalari a Maiduguri, ko Ribadu a Kaduna, waya a hannu, tana jiran kira. Akwai uwar da in ta ga baƙuwar lamba sai gabanta ya faɗi. Akwai magajiyar bariki, shugabar matan sojoji, wadda ita ake turawa ta fara shiga ɗakin da za a kai mummunan labari. Kuma ba soja kaɗai ba: ɗan sa-kai, ɗan sanda, direban da ya tsira daga kwanton ɓauna, manomin da aka sako daga hannun masu garkuwa, duk suna dawowa gida da irin kayan da Kawu ya dawo da shi.

A zamanin Inna ba a san sunan abin ba. Yau likitocin ƙwaƙwalwa sun san shi, suna kiransa PTSD a taƙaice, wato ciwon firgici da ke biyo bayan mummunan tashin hankali. Alamominsa su ne waɗanda na lissafa miki a jikin Kawu: rashin barci, munanan mafarkai, zabura da an yi ƙara, guje wa duk abin da zai tuna masa, saurin fushi, da janye jiki daga mutane. Wani kuma sai ya faɗa shan ƙwaya don ya samu ya runtsa. Ba ragwanci ba ne, ba kuma hauka ba. Ciwo ne, kuma ana maganinsa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Maiduguri, da Kware kusa da Sakkwato, ban da sassan da ke manyan asibitocin koyarwa da na soja.

Ga wata magana kuma da ba zan rufe ta da zani ba. Fahimtar ciwon mutum daban, zama a ƙarƙashin dukansa daban. In maigida ya dawo daga daji ya fara ɗaga miki hannu ko ga yara, ko yana maganar kashe kansa, ko yana kwana da makami a kusa, wannan ya wuce a ce miki ki yi haƙuri. Ki sanar da manyanku, ki sanar da wanda yake jin maganarsa, a kai shi asibiti, ke da yara kuma ku kasance inda kuke da aminci. Yin hakan taimakonsa ne, ba tonon asiri ba.

In kuwa abin bai kai nan ba, shiru ne kawai da nisa da mutane, to darasin tsakar gidanmu zai yi miki amfani. Kada ki matsa masa da "faɗa min abin da ya faru". Kada ki bari yara ko baƙi su tambaye shi mutum nawa ya kashe. Wannan tambaya ƙofa take rufewa. Ki fara da maɓallin riga. Wa ya fi iya girki a cikinsu? Me suke yi in ruwan sama ya sauko? Wa ya fi ba su dariya? Ki samo abin da za ku ji ko ku kalla tare, ba kowa da wayarsa a lungunsa ba. In ya fara magana, kada ki katse shi, kada ki yi salati da ƙarfi har ya ji ya tsorata ki. In ya tsaya, ki bar shi ya tsaya. Gobe ma rana ce. In kuma kin lura da wata ɗabi'a da ba ki gane kanta ba, ki ɗauka akwai dalili a bayanta tun kafin a faɗa miki, kamar yadda kwanon Kawu yake da dalili.

Ba zan ce miki Kawu ya warke sarai ba. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa yin barcin dare cikakke ba. Amma ya sake aure, ya haifi 'ya'ya, ya yi shekaru yana tuƙa motar haya, kuma ya zama mutumin da yaran unguwa ke kewayewa da yamma don jin labari. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da uwarsa ta taɓa cewa gangar jikinsa kaɗai aka dawo mata da ita.

Kafin muryoyin su ɗauke

Saurayin da ya shiga soja a 1967 yana ɗan shekara 18, yau ya doshi 80. Kullum raguwa suke yi. Haka ma matan da suka yi zaman jiransu, waɗanda labarinsu ya fi na kowa saurin ɓacewa, domin ba a rubuta shi a ko'ina ba. Ko wasannin Samanja kansa, abin da za ki samu a YouTube ɗan kaɗan ne in aka gwada da shekarun da ya yi yana yi. In muryar da ƙasa guda ta sani tana iya yin ƙaranci haka, ina ga ta tsohon da ke zaurenku?

Mu mun yi sa'a. Wani yayana ya taɓa zaunar da Kawu ya ɗauki hirarsa a kaset, gaba da baya. Daga baya aka juye ta a waya. Yau 'ya'yana, waɗanda ba su riske shi ba, sun san muryarsa, sun san dariyarsa, sun san dalilin da ya sa a gidana ba a zubar da abinci. Ba sai na yi dogon faɗa ba. In wani ya ture kwano, sai 'yar uwarsa ta ce masa: "Ka tuna yarinyar Kawu."

Wayar da ke hannunki ta fi rikodar yayana sau dubu. In akwai tsohon soja a danginku, ko tsohuwar da ta yi zaman bariki, ko wanda ya yi aikin gidan rediyo a zamanin da ake aika gaisuwa da katin zaɓe, ki kai masa ziyara da ɗan goro ko abin taɓawa. Ki nemi izininsa, ki danna ɗauka, ki ajiye wayar a gefe yadda zai manta da ita. Ki tafi da yaro ɗaya ko biyu su ji da kunnensu. In ya ce wani ɓangaren kada a yaɗa, to amana ce, ta tsaya a cikin dangi. In kuma kin rasa ta inda za ki fara, ki tambaye shi ko ya tuna Samanja. Da wuya ya ce a'a.

Kowace ranar 15 ga Janairu gwamnati na tunawa da 'yan mazan jiya. A ajiye furanni, a saki tattabaru, a busa begila, kowa ya watse. Hakan ma daidai ne. Sai dai tsohon soja ba a filin taro yake kwana ba, a gida yake kwana, a hannunmu mu mata. Usman Baba Pategi ya san haka, shi ya sa ya ɗauki bariki ɗungurungum ya kawo mana ita har bakin murhu, cikin harshen da tsohuwa da jikanta duk za su gane. Ɗan sarki ne da zai iya zamansa a inuwar fada, amma ya zaɓi kaki, sannan ya zaɓi ya riƙa mayar da kansa abin dariya don wasu su samu sauƙi. Allah ya kai haske kabarinsa, da na Kawu, da na duk waɗanda suka tafi ba su dawo ba, ta kowane ɓangare suka tsaya.

Ke fa, wa kike da shi a gida da ya taɓa sa kaki? Wane ƙaramin abu ne yake yi wanda sai daga baya kuka gane dalilinsa? Ki ba mu labari. Akwai wata 'yar uwa a wani barikin da jin naki zai sa ta san ba ita kaɗai ba ce.